Jirgin da ke Kifewa ya Tashi: Ziyara a Bakin Ruwan Watari

Mu mutanen arewacin Kano mutanen tudu ne. Kakanninmu sun san fartanya da garma da mangalar jaki, amma ba su san filafili ba. Ruwan da suka sani shi ne na rijiya, da na kududdufi, da rafin da kan kawo da damina ya ƙafe tun ba a gama sussukar dawa ba. Yau ga manyan ruwaye kwance a tsakiyar gonakinmu, 'ya'yanmu kuwa suna shiga jirgi. Abin da ya kai ni Bagwai ke nan a lokacin hutun ƙarshen shekara.

Ga yadda tafiyar ta samo asali. Wata rana muna darasin labarin ƙasa, na nuna wa 'yan ajina hoton wani mutumin Girinlan, can ƙurewar arewacin duniya, yana zaune cikin wani siririn jirgi da su ke kira kayak. Na gaya musu cewa in jirgin nan ya kife, mai shi ba ya fita. Ya kan murɗa jikinsa a ƙarƙashin ruwa, ya tashi da jirgin, ya ci gaba da tafiya. Yara suka yi ta mamaki. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya sa namu in ya kife ba ya tashi?" Ajin ya yi tsit. Na san abin da ke ranta, gama babu gidan da bai ji labarin Bagwai ba. Na ce mata ta yi mini haƙuri, zan je in tambayi masu abin. Gani ya kori ji.

Hanyar Bagwai

Daga Kano a kan bi hanyar Katsina, a wuce kasuwar Dawanau inda buhunan hatsi ke jibge kamar duwatsu, a miƙa har Bichi, sa'an nan a ratse zuwa Bagwai. Duk tsawon hanyar nan ba za ka ga daji ba. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hangen ƙauye. An riga an yi girbi. Ga karan dawa an ɗaure an jingine a jikin itatuwa, ga tarin taki an fara kaiwa gona tsibi-tsibi. Itatuwan gawo, waɗanda suka wuni tsirara duk damina, sun yi sabon ganye shar, awaki suna kewaya gindinsu. Ƙasar nan an daɗe ana nomanta shekara da shekaru ba hutu, ba ta kuwa gaza ba, domin masu ita sun san hakkinta.

Kana cikin kallon wannan, sai kwatsam ka hangi ruwa yana ƙyalli, faɗinsa har ido ya gaji. Wannan ita ce madatsar ruwa ta Watari.

Masu karatu da suka manyanta za su tuna da farin da aka yi a shekarun 1972 zuwa 1974. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin tare koguna gadan-gadan. Aka yi Bagauda, aka gama Tiga a 1974. A nan arewa kuma aka tare Tomas wajen Dambatta, da Gari, da Jakara a Wasai. Watari aka gama ta a 1980. Albarkar aikin a fili ta ke: noman rani, tumatir da albasa da shinkafa, ga kifi, ga ruwan sha. Amma ruwan ya raba ƙauyukan da dā a ke zuwa da ƙafa. Wanda ya ke hangen gari a tsallake, in ya ce zai bi ta tudu sai ya yi doguwar kewaya. Ta haka fito ya shigo rayuwar manoma waɗanda yawancinsu ba su iya iyo ba.

A bakin gaɓa

Na iske jirage kamar goma an jawo goshinsu kan yashi. Duk na katako ne, aikin kafinta. Gindinsu shimfiɗaɗɗe ne kamar tire, gefunansu sun ɗan buɗe waje, samansu a buɗe. An haɗa katakan da ƙusa, an cusa tsumma a tsakani, an bi da kwalta. A cikin kowane ɗaya akwai yankakken galan na kwalfe ruwa.

Wani dattijo yana zaune yana ɗinkin taru. Muka gaisa, na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya yi murmushi, ya nuna tsakiyar ruwa da allurarsa ya ce, "Malam, ka ga can? Gonar mahaifina tana ƙarƙashin wurin nan. A can na koyi noma. Su kuwa sai da na yi gemu na koya, wurin baƙin masunta da suka zo bayan an tare ruwa."

Na ce, "Baba, ina so in shiga jirginka."

Ya ce, "Ka iya ruwa?"

Na ce ban iya ba. Ya ce to ba za mu yi nisa da gaɓa ba.

Da na taka cikin jirgin sai na ji shi daram, kamar na taka daɓen ɗaki. Hankalina ya kwanta. Ya sa ni na zauna a ƙasa, ba a kan katakon da aka gitta ba. Muka tafi a hankali. Can na hangi wani tsuntsu ya faɗa ruwa ya fito da kifi, sai na yunƙura zan miƙe in duba. Nan take jirgin ya jirkice, ruwa ya leƙo ta baki. Dattijon ya daka mini tsawa, "Zauna, Malam!" Na zube. Ɗan ruwan da ke kwance a gindin jirgin duk ya gangaro wajena, ya jiƙa mini wando. Sai da muka natsu ya ce, "Jirgin nan ba ya gargaɗi. Yana nan lafiya, yana nan lafiya, sai ka ji ka a ruwa."

Maganar nan tasa ita ce rabin amsar da na ke nema.

Tire da ƙwarya da kwalba

Kowace uwar gida tana iya gwada abin da zan faɗa, a cikin babban baho. A ɗora tire a kan ruwa. Zai zauna shiru, ba ya rawa. A danna gefensa da yatsa, zai yi gardama. Amma a ci gaba da dannawa har ruwa ya hau bakinsa, sai ya tafi gaba ɗaya, ba shiri. Sa'an nan a ɗora ƙwarya. Ita da an taɓa ta sai ta yi tangaɗi, amma tana iya karkata ƙwarai ta komo, domin gindinta kewayayye ne, bakinta kuma yana nesa da ruwa. Daga ƙarshe a toshe bakin kwalba a kwantar da ita. Yatsa ɗaya ya isa ya mirgina ta, yatsa ɗaya kuma ya isa ya komo da ita. Ruwa ba ya shiga, ba ta nutsewa.

Watau zaman jirgi a kan ruwa iri biyu ne. Akwai zaman da ka ke ji sa'ad da jirgi ke tsaye sosai a ruwa mai kwanciya. Akwai kuma ƙarfin da ya ke da shi na komowa bayan ya riga ya karkata. Masu ƙera jirage sun san cewa da wuya a sami duka biyun a cike cikin jirgi ɗaya. Mai faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi ya fi na farkon. Siriri mai kewayayyen gindi ya kan ba baƙo tsoro, amma yana haƙuri da karkata. Har wa yau, in igiyar ruwa ta zo daga gefe, mai shimfiɗaɗɗen gindi ya kan bi fuskar igiyar ya karkata tare da ita, mai kewayayyen gindi kuwa ya kan bar ta ta wuce ta ƙarƙashinsa.

Ga kuma abin da ya fi muhimmanci. Faɗin da ya hana jirgi kifewa, shi ne kuma ke hana shi tashi in ya kife. Tire a kife yana zaune daram kamar yadda ya ke zaune a buɗe.

Jirgin da a ke sawa kamar wando

Yanzu bari mu koma wurin mutumin cikin hoto. Mutanen Girinlan, waɗanda a ke kira Inuwit, mafarautan teku ne. Ƙasarsu ba ta da itatuwan katako. A dā su kan tsinci itacen da teku ta turo gaɓa su yi ƙashin jirgi, sa'an nan matansu su ɗinke shi da fatar wata dabbar teku mai kitse da a ke kira sil. Tsawon jirgin ya kan kai ƙafa 17 ko 18, amma faɗinsa bai kai ƙafa 2 ba. Ba a yin sa da awon kasuwa. Da jikin mai shi a ke aunawa, kamar yadda tela ke auna wando.

Abu huɗu ne suka sa jirgin nan ke tashi in ya kife.

Na fari, siriri ne. Ba shi da faɗin da zai yi wa mai shi gardama sa'ad da ya ke juyo shi.

Na biyu, samansa a rufe ya ke. Rami ɗaya ne kawai, daidai ƙugun mutum. Maharbin kuma ya kan sa wata rigar fata wadda ta rufe kansa da hannuwansa, a ɗaure gindinta a bakin ramin. Ta haka mutum da jirgi sun zama kamar kwalbar nan mai murfi. Ko sun kife, ruwa ba ya samun ƙofa.

Na uku, jirgin yana kama jikinsa. Cinyoyinsa suna tokare da katakon sama, ƙafafunsa suna tokare a gaba. In ya murɗa ƙugu, jirgin ya murɗa. In da wurin zaman yana da yalwa, da zarar an kife sai mutum ya sulluɓe ya bar jirgin.

Na huɗu, jirgin ba shi da tsayi, musamman ta bayan mazauni. Saboda haka mutum yana iya kwantawa da baya har ƙeyarsa ta kusa taɓa jirgin. Nauyinsa ya matso kusa da jikin jirgi ke nan, sai juyawa ta yi sauƙi. Jirgin da gefunansa suka yi tsayi ya kan tokare mutum a haƙarƙari, ya hana shi lanƙwasa.

Yadda a ke tashin kuwa shi ne, mutum yana ƙarƙashin ruwa, kansa ƙasa, sai ya miƙa filafilinsa zuwa saman ruwa, ya shara shi gefe. Wannan ya ba shi ɗan madogari. Sa'an nan ya juyo jirgin da gwiwa da ƙugu. Jirgi ne ke fara tashi, sai jiki, kai shi ne na ƙarshe. Mai koyo ya kan yi garajen fitar da kai domin ya sha iska, nauyin kan nan kuwa sai ya mai da shi ƙasa.

Ba don wasa suka koyi wannan ba. Ruwan tekunsu yana da sanyin da mutum ba ya daɗewa a ciki da rai, ko da ya iya iyo. Barin jirgi mutuwa ce. Wani Bajamushe mai suna David Crantz, wanda ya zauna a ƙasar a 1761 zuwa 1762, ya rubuta hanyoyi goma da ya ga suna tashi da jirgi a cikin littafinsa na tarihin Girinlan. A gasar da su ke yi a zamanin nan hanyoyin sun haura talatin, har da tashi da hannu kawai ba filafili. Turawa sun ɗauki jirgin sun mai da shi na wasa, suna yin sa da roba, har a wasannin Olimfik na Faris a 2024 an yi tseren da dole kowane ɗan wasa ya kife jirginsa ya tashi kafin ya kai ƙarshe.

Da na ba dattijon wannan labari, ya saurara har na gama. Sa'an nan ya ce, "Ai gora ke nan, Malam." Na ga lalle ya yi gaskiya. Masuntan ƙasar Hausa, irin waɗanda a ke gani a bikin kamun kifi na Argungu, sun daɗe suna hawa babban gora, su kwanta a kansa da ciki, suna tuƙi da hannu da ƙafa. Wanda bai saba ba, da ya hau sai goran ya mirgine da shi. Amma gwani ya san cewa abin da ke mirginawa da sauƙi yana komowa da sauƙi. Goran mutum ɗaya ne, kayak ma na mutum ɗaya ne.

Jirgin iyali

Akwai wani abin da hoton littafinmu bai nuna ba. A dā mutanen Girinlan ɗin nan suna da jirgi na biyu, sunansa umiyak. Babba ne, mai faɗi, gindinsa shimfiɗaɗɗe, samansa a buɗe. A wancan zamani da shi su ke ɗaukar mata da yara da tsofaffi da kayan gida in za su yi ƙaura. Duk gwanintarsu, babu wanda ke kife umiyak ya tashi da shi. Ba a yi shi domin haka ba. Su kan duba sama da iska kafin su tashi, su kan kuwa bi kusa da gaɓa.

To, jirgin fitonmu ɗan'uwan umiyak ne. Ba laifin kafinta ba ne da ya yi shi da faɗi. Jirgin da zai ɗauki buhun masara da akuya da babur da mai goyo, ya kuma iso har kan yashi inda ruwa bai kai gwiwa ba, dole ya zama haka. Amma sai mu san abin da muka saya da abin da muka bayar. Mun sayi wuri da kwanciyar hankali, mun ba da damar tashi. Jirginmu sau ɗaya ya ke kifewa.

Mutanen Bagwai sun san haka fiye da kowa. A shekarar 2008 jirgi ya kife a ruwan nan da 'yan rakiyar amarya, aka yi hasarar rayuka masu yawa. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, da yamma, wani jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai, cike da 'yan makarantar Islamiyya da za su bikin Mauludi. Bai kai gaci ba. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ƙanana. Rahotannin lokacin sun ce lodi ne ya yi yawa. Gwamnatin jihar ta dakatar da fito a wurin bayan abin ya faru. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Na tsaya a gaɓa ina duban tsallake. Ana hangen itatuwan can sarai. Kusancin nan shi ke ruɗin mutum, ya ce ai ɗan nan da can ne.

Abin da ke hannunmu

Tun da jirginmu ba ya tashi, duk dabarar tsira a bakin gaɓa ta ke, tun ba a tura shi ba. Ba a fafa gora ranar tafiya. Ga abin da na koya wurin dattijon, na haɗa da abin da bahon ruwa ya nuna mini.

Kafin ka shiga, dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi. Ita ce ranka. Kowane mutum da aka ƙara, kowane buhu, yana cin wannan tazara. In ka ga saura kamar faɗin tafin hannu, fita ka jira sawu na biyu, ko da ka biya kuɗi. Yara ba su da nauyi, shi ya sa a kan yi sha'awar cusa su da yawa, amma yaro uku babban mutum ne, yara kuwa ba sa zama wuri ɗaya.

Kaya masu nauyi a sa su a ƙasa, a tsakiya. Mutane su zauna ƙasa, kada kowa ya hau kan buhu ko bakin jirgi, kada kowa ya miƙe. Ni na gwada, na ga abin da ke biyo baya.

A kwalfe ruwan da ke cikin jirgi tun kafin a tashi, a kuma sa mutum guda yana kwalfewa a hanya. Mutane suna raina ruwan nan, amma lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jarka huɗu masu lita 25 nauyin buhu ne mai kilo 100. Ya ma fi buhu sharri, gama buhu yana zama inda aka ajiye shi, ruwa kuwa ya kan ruga duk gefen da jirgi ya karkata, ya ƙara danna shi.

In jirgi ya jirkice, kada a ruga ɗaya gefen gaba ɗaya. A duƙa ƙasa, a saurari mai tuƙi. In kuwa ya kife, kada wanda bai iya ruwa ba ya bar shi. Jirgin katako sau da yawa ya kan tsaya a saman ruwa ko ya cika. A riƙe jirgin, ko jarka marar komai mai murfi, kada a riƙe juna.

Kada a yi fito da magariba ko cikin iska mai ƙarfi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ceto ga duk mai shiga jirgi. Garin da ke iya haɗa kuɗi ya gyara rijiya yana iya haɗa kuɗi ya sayi rigunan nan, har da ƙanana daidai jikin yara. Iyaye kuma su nemi amintaccen masunci ya koya wa 'ya'yansu iyo a wuri marar zurfi, mata da maza. Ruwan nan ya zo ke nan, ba zai koma ba.

Da la'asar na yi sallama da dattijon. Ya ba ni karfasa biyu a leda, ya ƙi karɓar kuɗi. Ya ce, "Ka gaya wa yaran, ruwa ba ya ƙin kowa, ba ya kuwa sabo da kowa."

Ranar da aka koma makaranta na shiga aji da baho, da tire, da ƙwarya, da kwalba. Na sa yarinyar nan ta gwada su da hannunta, ɗaya bayan ɗaya. Da tiren ya nutse ta daɗe tana dubansa. Sa'an nan ta ce, "Ashe namu tire ne, Malam." Na ce haka ne. Ta ce in an tashi za ta gwada wa innarta a gida, domin ita ce mai zuwa kasuwa a tsallake.